Yadda ake zaɓen fitilar batir mai araha don ɗauke wuta da kwanan daji

A ƙarshen watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewacin Najeriya sun yi fiye da mako guda babu lantarki, bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun lalace. Daren farko kowane gida da haskensa. Kafin a kai tsakiyar mako fitilun caji sun mutu, aka koma bin layi a shagon masu caji da janareta, wasu kuma suka lalubo tsohuwar fitilar ƙwai suna neman kananzir. Waɗanda suka ci gaba da cin tuwonsu a haske su ne masu fitilar da ke cin batirin kanti, ko wadda ake iya yi mata caji da sola.

Na daɗe ina sayen irin waɗannan fitilu, nawa da na 'yan uwa, ina kwance su ina canza musu batir. Da wuya ka ga ƙwan LED ya mutu. Batir ne ke fara tafiya, sai makunni, sai bakin caji. Don haka idan ka shiga kasuwa, batir ka je saye, robar da ƙwan rakiya suka yi masa. A kan wannan na gina duk abin da ke tafe.

Kayan da za ka tanada kafin ka fita

Wayarka, don agogonta da kyamararta. Sabbin batura daga shagon da ka yarda da shi, girman AA da kuma manya masu lamba D, domin kada ka gwada fitila da batirin da ya kwana a aljihun tebur ɗin mai shago. Wayar caji da fawa bank idan kana da shi. Baƙar leda mai kauri ko jakar da hannu biyu za su shiga. Ƙaramar sukudireba mai bakin kuros. Biro da salatif na takarda. Idan da mitar gwajin wuta a gida, ta yi amfani. Idan babu, kowane mai gyaran rediyo ko waya yana da ita, kuma ba zai hana ka aron minti biyu ba.

1. Fara da tambayar kanka: ina za a kunna ta, kuma dare nawa?

Ɗaki ɗaya da ake cin abinci ana hira, da tsakar gida da ake girki, da shagon mai shayi, da bukkar gona lokacin girbi, ba haske ɗaya suke nema ba. Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce ta biyu. Idan a unguwarku ana kawo wuta kullum ko da na awa uku ne, fitilar caji ta ishe ka. Idan kuwa taransifomarku na iya lalacewa ta yi wata guda, ko za ka yi mako a ruga ko a sansani inda babu soket, to sai wadda ke cin batirin da ake samu a kowane tebur na ƙauye, ko mai farantin sola.

Shawarata ga mai iyali: da ka sayi babba ɗaya mai tsada, gara ka sayi matsakaita biyu masu abinci daban-daban, ɗaya ta caji, ɗaya ta batirin kanti. Uwargida na kicin, yaro zai zaga banɗaki, ba sai an bar wani a duhu ba. Kuma ranar da ɗaya ta ƙi, ɗayar na nan.

2. Zaɓi irin batirin

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Iri huɗu za ka tarar.

Na farko, batirin kanti da ake jefarwa idan ya ƙare. Shi ma kashi biyu ne, kuma lambar jikinsa ke faɗa. Idan ka ga R6 ko R20, mai araha ne, irin su Tiger Head da kowa ya sani a rediyo da tocila. Idan ka ga harafin L a gaba, wato LR6 ko LR20, alkalin ne, irin su Duracell da Energizer. Duka 1.5V suke bayarwa, amma a fitila mai arahar da ƙyar yake kai rabin kwanan alkalin, kuma ya fi saurin yoyo. Kada kalmomin yabo da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikinsa su ɗauke maka hankali, lambar nan za ka duba. Sannan girma: alkalin D ɗaya yana ɗauke da ƙarfin AA wajen biyar ko fiye, shi ya sa fitila mai cin D uku ke yin darare da yawa idan an rage mata haske. AA ya fi sauƙin samu da sauƙin ɗauka. Wanda nake cewa a guje wa shi ne AAA, ɗan siririn nan na rimot: bai kai rabin AA ba, kuɗinsu kuwa kusan ɗaya. Fitilar ɗaki mai cin AAA za ta riƙa cin kuɗinka kowane mako.

Na biyu, batirin dalma, ɗan baƙin akwatin nan mai kama da ƙanen batirin babur, mai 4V ko 6V. Shi ke cikin yawancin manyan fitilun caji masu nauyi da ake sokawa kai tsaye a bango. Yana da araha, kuma ana sayar da shi daban a layin masu kayan wuta, a Sabon Gari ta Kano ko babbar kasuwar Kaduna da makamantansu. Aibinsa shi ne ba ya yafe sakaci. Ka bar shi ya ƙare ƙurmus ya yi makonni a haka, ya tafi kenan. Ko ka sa masa caji daga baya, minti goma zai yi ya dushe. Zafin watan Afrilu ma yana rage masa kwana. Ga nauyi, ba kayan tafiya ba ne.

Na uku, litiyam, wanda aka fi gani da lamba 18650. Lambar girmansa ce: kauri milimita 18, tsawo 65. Yana ba da 3.7V, ba shi da nauyi, yana jure caji ɗaruruwa, kuma yana riƙe caji watanni a ajiye. A ganina shi ne zaɓi na farko ga mafi yawan mutane, da sharaɗi ɗaya: a ce ana iya buɗe marfi a ciro shi da hannu. Wanda aka liƙe a ciki da dalma ma ana canzawa, amma sai an je wurin mai gyara. Jabunsa ya cika kasuwa, kuma gane shi ba wuya. Na gaske ba ya wuce 3,500 mAh (ma'aunin girman cikin batir) sai da ɗan kaɗan, yawancin masu araha na kirki suna tsakanin 2,000 da 2,600. Duk wanda aka rubuta masa 6,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta. Auna shi a tafin hannu: na gaske yana kai giram 45, yana da ɗan nauyi, jabun kuwa fayau yake kamar babu komai a ciki.

Na huɗu, AA mai caji, wanda aka rubuta wa NiMH da 1.2V, irin su Eneloop na Panasonic. Sai ka saya masa cajarsa daban, don haka kuɗin farko ya ɗan yi yawa. Daɗinsa, fitilar da ke cin AA ta zama mai hanya biyu: da wuta ka yi caji, babu wuta ka sayi na kanti. Gargaɗi a nan: batirin kanti ba a yi masa caji. Sa shi a caja yana sa ya yi zafi, ya yi yoyo, wani lokaci ya fashe.

Akwai fitilun da ke da litiyam a ciki, kuma a gindinsu akwai ramin AA ko D. Idan ka samu irin wannan a kuɗin da za ka iya, kada ka tsaya dogon tunani.

Batun sola kuwa, a yi hattara da ɗan farantin da bai wuce faɗin akwatin ashana biyu ba da ake mannawa a kan fitila. Yinin rana guda ba ya cika batirin, kuma don ya samu rana sai ka shanya fitilar gaba ɗayanta, batirin na gasuwa a ciki. Wadda ke aiki ita ce mai faranti daban da doguwar waya: faranti a kan rufi, fitila a inuwa. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna yin irin wannan, da garanti. Sun fi tsada, amma ga wanda garinsu babu layin wuta sam, lissafin shekara yana nuna sun fi sauƙi.

3. Karanta lambobin kwali, ka yi lissafinka da kanka

Lambobi biyu kawai kake buƙata. Lumen shi ne yawan haske. Kyandir ɗaya wajen lumen 12 yake bayarwa, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 kuma wajen 800. Don a ga hanya a ɗaki, a yi alwala, a lallaɓa jariri, lumen 20 zuwa 30 ya wadatar. Cin abinci da karatun yara a kusa da fitila, 100 zuwa 150. Tsakar gida ko rumfar taro, 300 zuwa sama. Ita kuma mAh, girman cikin batir ce. Batir tulu ne, haske kuma bakin da ake tsiyaya: ka buɗe shi sosai, ruwa ya ƙare da wuri.

Ga lissafin. Ninka mAh da lambar V, ka raba da 1,000. Litiyam mai 2,000 mAh sau 3.7 ya ba da 7.4, wato awannin da zai yi idan ana jan wat ɗaya. Ƙwan LED irin na waɗannan fitilu yana ba da wajen lumen 100 a kowane wat ɗaya. Kenan a lumen 100 za ka samu awa shida zuwa bakwai, a lumen 300 awa biyu da ɗan abin da ba a rasa ba, a lumen 30 kuwa wajen awa 20. Yanzu duba kwalin da ya ce lumen 1,000 na awa 10 da batir ɗaya a ciki. Wannan aikin sai batura fiye da goma. Ajiye shi.

Dabarar masu kwali ita ce su rubuta hasken mataki mafi ƙarfi, su rubuta awannin mataki mafi rauni, su jera su kamar tare suke. Idan kwali ya raba, ya ce ƙarfi awa kaza, rauni awa kaza, alama ce mai kyau game da kamfanin. Idan babu lumen sam sai wani abu kamar 50W ko 100W a jikin 'yar fitilar da ke shiga aljihun riga, wannan ado ne kawai. Yawan ƙwayayen LED ma ba ya nuna komai. Ƙwai sittin marasa kyau na iya kasa guda huɗu masu kyau.

Daga nan za ka gane abin da na fi dubawa a kowace fitila: matakin haske na ƙasa. Wadda ba ta da shi, ko kunne ko kashe kawai, ba ta dace da gaggawa ba, komai kyanta. Mai mataki uku ko mai abin murɗawa ita ake nema.

4. Duba jikinta

Murfin ƙwan ya zama fari mai hazo, ba garau ba. Garau ɗin yana kashe ido, yaro ya kalle shi sau ɗaya ya koma yana lalube. Kalar haske ma da magana: fari fat mai ɗan shuɗi, wanda ake rubuta wa 6000K ko 6500K, ya fi ɗaukar ido a shago, amma ya fi tara ƙwari da damina. Mai ɗan ruwan ɗorawa, 2700K zuwa 3000K, ya fi sanyi a ido kuma ƙwari ba su cika rububinsa ba. Don kwanan waje shi nake ɗauka.

Riƙe mariƙin ka girgiza. Idan siririyar roba ce da aka maƙala da 'yan kunnuwa biyu, a nan za ta karye. Ƙugiya a gindi tana da amfani ƙwarai, domin fitilar da aka rataye ta kai ƙasa ba ta yin inuwa a kan tabarma. Gindin ya zama mai faɗi yadda iska ko gwiwar yaro ba za su kifar da ita nan take ba.

Bakin caji: ka fifita USB, musamman USB-C, a kan mai ƙafa biyu da ake sokawa a bango. Mai USB tana shan caji daga cajar waya, fawa bank, mota, ko farantin sola. Mai ƙafa biyu wutar bango kaɗai ta sani, kuma ita ce ke ƙonewa idan an dawo da wuta da ƙarfi ko janareta ya yi tsalle.

Ruwa da ƙura kuma akwai lambarsu. IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsalin ruwa. IPX7 tana jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30. IP65 ƙura ba ta shiga, wanda ke da amfani a hunturu. Masu arahar da yawa ba su da lambar komai. Idan haka ne, duba ko akwai zoben roba a marfin batir da ɗan murfi a bakin caji. Babu su, leda fara mai tsabta da aka ɗaure a gindi tana yin aikin a ranar ruwa, tunda LED ba ya zafin da zai narkar da ita a mataki na ƙasa.

Rediyo, fanka, lasifika, fitilar disko mai kala-kala: duk daga tulu ɗaya suke sha. A kuɗi ɗaya, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikinsu ta fi batir mai kyau. Bakin cajin waya kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, shi ma ka sani cewa wayoyin yanzu batirinsu na kai 4,000 zuwa 5,000 mAh, fitila mai 2,000 ba za ta cika ko rabi ba, kuma ta bar ka a duhu. Na kiran gaggawa ne.

5. Gwaji a gaban mai shago

Ba a cinikin biri a sama. Bayan gaisuwa, ce masa: "Alhaji, a taimaka a buɗe min wannan in gwada, in ta yi zan ɗauka." Mai kaya na kirki ba ya ƙi. Kuma wadda za ka tafi da ita za ka gwada, ba ta kan kanta ba.

Sa ta cikin baƙar leda ko jaka, ka leƙa, ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka a kasuwa ido ba ya iya auna haske, sai an yi masa duhu. Duba ko akwai ƙwan da bai kama ba. Kunna ka kashe sau goma a jere. Makunnin da ya yi gardama sau ɗaya a shago zai yi sau ɗari a gida. Tana kunne, ɗan buga ta a tafin hannu. Idan haske ya yi ƙyaftawa, akwai wayar da ba ta zauna ba ko sifirin batir ya yi sanyi. Sai ka saita mataki na ƙasa, ka buɗe kyamarar waya ka nuna mata. Idan ka ga baƙaƙen layuka masu kauri suna gudu a fuskar wayar, hasken yana rawa da sauri, kuma wasu mutane yana sa musu ciwon kai wajen karatu.

Soka wayar caji ka ga ɗan jan ƙwan ya kama, ka ɗan motsa wayar ka ga ko yana yankewa. Buɗe marfin batir: ƙarfen ciki ya zama mai sheƙi, babu tsatsa, babu farin gari. Idan mai batirin dalma ce, nemi kwanan watan da aka yi ta a kwali ko a jiki. Wadda ta shekara a sito ba a taɓa yi mata caji ba, rabin ranta ya riga ya tafi tun kafin ka biya. Idan ka kunna sabuwa ta ƙi kamawa, mai shago ya ce "ai caji ne babu," nemi wata.

Wajen ciniki, kada ka ƙare ƙarfinka a kan ragin 'yan nairori. Abin da ya fi shi daraja shi ne alkawarin canji: "Idan ban samu awannin da aka rubuta ba, zan dawo da ita jibi a canza min." A rubuta a rasit, da kwanan wata. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma mafi tsada a shago ma ba lallai ta fi ba. Sau da yawa kuɗin rediyo da fanka ake caje ka. Ta tsakiya, marar tarkace, mai nauyin batir a hannu, ita ce yawanci.

Idan ta intanet za ka saya, ba ka da damar wannan gwaji, don haka ka karanta ƙorafin waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, ka tabbata ana karɓar kaya idan an mayar.

6. Gwajin dare ɗaya a gida

Ranar da ka kawo ta, cika mata caji har ɗan ƙwan ya canza kala, ko ka sa sabbin batura. Bayan magariba kunna ta a matakin da za ka fi amfani da shi, ka rubuta lokaci. Kowace awa ka duba. Abin da kake nema shi ne lokacin da ba za ka iya karanta rubutun jarida a nisan kamu biyu ba, domin masu araha ba sa mutuwa farat ɗaya, dushewa suke yi a hankali, kuma masu kwali har da wannan dushewar suke ƙirgawa. Taɓa jikinta bayan rabin awa: ɗumi ba komai, zafin da ba ka iya riƙewa ko warin roba kuwa, mayar da ita gobe.

Idan ta ba da kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta, ka yi dace. Ƙasa da rabi, a canza. Rubuta awannin gaskiya a salatif ka manna a gindinta, don duk wanda ya ɗauka a gidan ya san abin da ke hannunsa.

7. Ajiya da kulawa

Kuskuren da ya fi kashe fitilun batirin kanti shi ne barin batura a ciki wata da watanni. Su yi yoyo, su cinye sifirin, ranar buƙata a buɗe a tarar da farin gari. Ciro su, ka ɗaure su da kyauro a leda, ka rataye a mariƙin fitilar. Idan kana son ta kasance a shirye, bar su a ciki amma ka sa 'yar takarda tsakanin kan batir ɗaya da ƙarfen, da ɗan bakinta a waje da za ka zare a duhu. Wannan ma yana hana makunnin dannawa shan batir a ɓoye. Kada ka haɗa tsoho da sabo, ko alkalin da mai araha. Mai raunin ne zai fara yoyo. Idan ta riga ta faru da alkalin, ɗiga ruwan lemun tsami a auduga ka goge, ka kankare da bakin reza, ka bari ya bushe sarai, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Mai batirin dalma, caji duk bayan amfani, kuma ko ba a taɓa ta ba a yi mata sau ɗaya a wata. Kada a bari sai ta mutu. Kada kuma a bar ta a soket kwana da kwanaki, awannin da aka rubuta a kwali sun isa. Masu ƙafa biyu ba a kunna su suna caji, ƙwayayen na iya ƙonewa, kuma ba a taɓa su da jiƙaƙƙen hannu.

Litiyam ba ya son zafi. Ban da cikin mota da aka rufe a rana, ban da kan taga, ban da kusa da murhu, ban da caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. Duk wata biyu zuwa uku a ƙara masa caji. Wanda ya kumbura, ko fatarsa ta yage, ko yake zafi haka kawai, a daina amfani da shi. Wanda ka ajiye na canji kada ya zauna a aljihu ɗaya da makullai ko tsabar kuɗi. Manna salatif a kawunansa biyu. Mataccen batir kowane iri ba a jefa shi a sharar da za a ƙona, kuma ba abin wasan yara ba ne, don wasu kan fasa shi su ciro baƙin sandan ciki.

Wurin ajiya ɗaya tak, wanda kowa ya sani, wanda hannu zai kai a duhu: ƙusa a bayan ƙofar ɗaki ta fi cikin durowa. A unguwar da ruwa ke shiga gidaje, ƙusar ta yi sama.

8. Idan kwanan waje ne

Ko gona ce, ko ruga, ko yawon buɗe ido a Yankari, ko makonni uku na sansanin masu yi wa ƙasa hidima, lissafa awa huɗu zuwa biyar na haske kowane dare, ka ninka da yawan darare, ka ƙara dare ɗaya. Awannin da ka rubuta a gindin fitila za su faɗa maka saiti nawa na batir za ka ɗauka. A cikin jaka a ciro batir ko a sa takardar nan, don kaya na danna makunni fitila ta yi ta ci a ɓoye har a isa.

A masauki, rataye ta sama da kai, kuma ɗan nesa da shimfiɗa da kwanon abinci, taku biyar ko shida, ƙwari su tafi can. Cikin gidan sauro ko tanti mataki na ƙasa ya isa, kuma a nan ne fitilar batir ta fi kyandir da aci-balbal nesa ba kusa ba, tunda babu harshen wuta. A dajin da ba ka sani ba, haske mai ƙarfi yana nuna inda kake daga nesa, don haka a rage. Fitilar rataye kuma ba ta maye gurbin tocila. Zagawa bayan gari da dare, duba takalmi saboda kunama, hango abin da ya motsa a ciyawa, duk aikin tocila ne. Yi ƙoƙari su biyun su ci batir iri ɗaya. Mai tafiya ta jirgi, kamar maniyyaci, ya sa batirin litiyam na canji da fawa bank a jakar hannu, ba a yarda su shiga babbar jakar awo ba.

Idan wani abu ya rasa

Babu fitila sai tocila: cika farar gorar ruwa ko farar jarka, ka haska tocilar a jikinta ko ka ɗora gorar a kanta. Hasken zai bazu ya cika ɗaki. Fitilar waya ma tana yi, sai dai tana cin cajin da za ka nemi taimako da shi.

Fitila na cin D, a hannunka sai AA: naɗe kowanne da kwali har ya cika ramin, ka cike gibin tsawon da dunƙulen takardar alminiyam a gefen sifirin, ka tabbata ba ta taɓa wani ƙarfen ba. Za ta kama, sai dai ba za ta daɗe ba.

Tsohuwar fitilar caji da ke yin minti biyar ta mutu, kada a jefar. Kwance ta bayan an zare ta daga soket, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke, ka karanta lambar V da ke jikin batirin, ka tafi da shi kasuwa a ba ka irinsa. Lambar V dole ta zama ɗaya. mAh kuwa ko ta fi ta da ba laifi, in dai ya shiga ramin. Jar waya a kan alamar tarawa, baƙa a kan ta ɗebewa. Abin da ba a yi shi ne sa litiyam a gurbin na dalma kai tsaye, domin cajar da ke ciki ba ta san inda za ta tsaya masa ba, kuma hakan na iya tada gobara. Idan ana son wannan canji, sai mai gyara ya sa masa ɗan allon cajinsa na USB, ya yanke tsohuwar hanyar bangon gaba ɗaya.